Vanila da Hunturun Birnin Kudu da Gwaram

Vanila, wadda ake jin ƙamshinta a kek da askirim, tsiro ce mai yaɗo daga dangin furannin da masana ke kira okid, kuma asalinta dazuzzukan Meziko ne, ko da yake a yau Madagaska ce ke kan gaba wajen nomanta. Tana hawa bishiya ta kama ɓawonta da saiwoyi, amma ba kamar kauci ba ce, domin jingina kawai take yi, abincinta kuwa daga ruɓaɓɓen ganye da laimar iska take samunsa.

A nan ne maganar nomanta a Birnin Kudu da Gwaram ke da wuya. Zafin yankin ba zai gagare ta ba matuƙar akwai inuwa, sai dai tana bukatar ruwan sama da ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, alhali kudancin Jigawa, duk da ya fi arewacin jihar damina, bai kai haka ba. Babban abokin gabarta shi ne hunturu, wanda daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake busar da saiwoyin da ke rataye a iska tun kafin ganye ya nuna alamar ƙishi. Saboda haka mai son gwaji ba shi da wurin da ya fi lambun fadama, ƙarƙashin mangwaro, da zana ta tare iska, a lulluɓe gindin da busasshen ganye, a riƙa yayyafi safe da yamma ba tare da ruwa ya kwanta ba, don kwanciyar ruwa na ruɓar da saiwa.

Tsiron yakan yi shekara 3 kafin ya yi fure, kowane fure kuma yini ɗaya yake buɗewa, wanda idan ba a yi masa barbara a safiyar ba, wato haɗa garin namijin furen da macensa, sai ya faɗi. A 1841 ne Edmond Albius, wani yaro bawa ɗan shekara 12 a tsibirin Reyuniyon, ya gano yadda ake ɗaga siririn murfin da ya raba sassan biyu da tsinke, a matse su da babban yatsa. Manoman dabino na Dutse, da suka saba ɗaura furen namiji a jikin na mace, ba za su ga baƙon abu a nan ba, illa dai aikin vanila fure-fure ake binsa.

Kwanson da furen ke haifarwa yakan ɗauki kusan wata 9 kafin ya nuna, kuma ɗanyensa ba shi da ƙamshi sai an tsoma shi a ruwan zafi, an nannaɗe a bargo ya yi gumi, an shanya, an adana na watanni. Farashinsa ya kai kusan dala 600 kan kilo a 2018, bayan guguwar da ta afka wa Madagaska a 2017, daga baya ya faɗi warwas, abin da ya sa 'yan tsiro kaɗan a gefen lambu suka fi dacewa da manomin Gwaram a kan sadaukar da gonar riɗi.