Shugaba shi ne garson ƙungiya: jawabin sakatare a taron shugabannin rassa



An ce in yi magana kan yadda za mu gyara aikin ƙungiya. Ni ba mai zurfin boko ba ne, don haka da abin da muka sani duka zan fara. In garke zai tashi, garso ne ke shiga gaba. Shi zai duba ciyawa, ya leƙa rijiya, ya gaisa da mai gari, kana ya dawo ya ce a kora. Ba ya zama inuwa ya aiki yaro. To, shugaban reshe garso ne, kuma duk gyaran da bai fara da kansa ba, mambobi ba za su yi shi ba.

Ku ɗauki maganar allura. Tsofaffinmu sun ga ɓarnar bushiya, ga shi an bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, kuma rigakafi ne ya kawo haka. Amma har yanzu in ma'aikatan dabbobi suka zo allurar ciwon huhu, wani sai ya ɓoye rabin garkensa cikin daji, wai kada a ƙidaya. Tsoron jangali ne bai fita zukata ba. Na lura da abu guda: inda shugaba ya fara shigar da shanunsa gaban kowa, kafin azahar wuri ya cika. Inda kuwa ya tsaya yana wa'azi nasa shanun na rugga, ma'aikata kan koma da maganinsu.

Sai rumbun abincin dabbobi, kuma nan zan daɗe, don nan ne muka taɓa jin kunya. Wata shekara da rani ya yi tsanani, wani reshe namu ya samu dusa da gurya don a sayar wa mambobi da rahusa. Ba littafi, ba mai rubutu, mabuɗi a aljihun mutum guda. Kafin ruwa ya sauka rumbu ya zama wayam, kuɗin da aka tara kuwa bai isa sake cika shi ba. Ban ce an yi sata ba, Allah ne masani. Dangi ne suka zo da dare, aka ba su bashi don kunya. Sai dai matar da ta yi karo-karonta, ta zo da jakinta ta koma hannu wofi, ita ba ta sake zuwa taro ba. Wanda ya gaje shi bai fi shi ilimi ba. Abin da ya yi kawai, ya raba mabuɗi biyu, ya sa ɗan makaranta rubuta kowane buhu da sunan mai saye, ranar kasuwa kuma a karanta da ƙarfi. Sunansa ne farko a littafin, da kuɗinsa a hannu. Ƙanensa ya yi fushi da shi har salla.

Game da burtali da mashaya, doka tana nan. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma makiyaya na da kujera a ciki. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Amma takarda ba ta zuwa taro da ƙafarta. In wakilinmu bai halarta ba ranar da ake shata burtali ko ake maganar sakin gonaki, da wa za mu yi kuka? Abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda aka hallaka ƴan uwanmu masu yawa, ya isa ya hana shugaba raina ƙaramar rigimar ɓarna. A je da wuri, a auna gaban shaidu, in namu ne da laifi shugaba ya faɗa da bakinsa, a biya.

Ku kuma dillalai, ana kawo mana ƙara kan la'ada da sayen bisar da ba a san asalinta ba. Sarkin dillalai ya fara tambayar shaida a nasa cinikin.

Kafin taro na gaba, kowane reshe ya zo da littafinsa, ko da shafi biyu ne aka rubuta. Nawa yana nan kan tabarma, wanda ke so ya duba bayan la'asar.