Ranar da Hajiya ta sauka daga babur ɗina

Yau a gindin babur za mu tsuguna.

Kwanaki na ɗauko Hajiyarmu daga Mandawari zan kai ta dubiya wajen Goron Dutse. Kun san lungunan cikin gari, nan kwata, can rami, gaba kuma tudun da 'yan unguwa suka yi saboda masu gudu. Duk inda muka taka sai ka ji ƙwas, bayan babur ya daki ƙasa. Ba mu kai rabi ba ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Bayana ba zai iya ba." Ta sauka ta tari adaidaita sahu. Wallahi kunya ta kama ni.

Ni duk zatona laifin hanya ne. Sai bakanike ya ce in leƙa ƙasan sifirin ɗin shakazobar baya. Akwai wani zobe mai hawa-hawa kamar matattakala, yawanci hawa 5. Nawa yana kan na farko tun ranar da na saya, wato saitin mutum ɗaya marar nauyi, ni kuma kullum da goyo ko buhu. In ka murɗa shi sama yana ƙara matse sifirin, bayan babur ya ɗago, shakazoba ta samu filin lotsawa kafin ta kai ƙarshe.

Ga yadda ya gwada. Ya auna daga notin tayar baya zuwa ƙasan kujera, na hau da wani yaron gareji a bayana, ya sake aunawa. Ya ce lotsawar ta tsaya wajen inci 1. A hawa na 3 muka samu. Kuma dama da hagu dole su zama hawa ɗaya, in ba haka ba babur ya riƙa rangaji a kwana.

Amma fa, ka danna kujera ka saki. In ta dawo ta tsaya, lafiya. In ta ci gaba da tsalle, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shakazobar, murɗi ba zai yi komai ba, sai Ƙofar Ruwa a nemo wata.

Ranar Juma'a zan sake zuwa ɗaukar Hajiya. Har yanzu dai ba ta ce za ta hau ba.