Jawabi Kan Haƙuri A Ɗakin Hoton Ciwon Daji

 

  

Tun da aka buɗe cibiyar ciwon daji a asibitin koyarwa na Idi-Araba a 2019, masu jinya daga gida Arewa suna sauka wurinmu nan Ikko. Mu ne masaukinsu, mu ne 'yan rakiya, mu ne tafinta. Don haka ya zama wajibi mu san abin da za mu gaya musu idan likita ya tura su hoto, domin sau da yawa mutum zai biya kuɗi masu yawa, ya shiga na'ura, ya ƙosa ya motsa, sai a ce hoto bai fita ba, a sake.

Hoton nan iri-iri ne, kuma za ku ga sunansa a takardar likita. Wanda ake rubuta CT ba ya daɗewa, 'yan daƙiƙoƙi ne, sai dai a ce ka riƙe numfashi. MRI kuwa yakan kai minti 30 zuwa awa ɗaya, ga ƙara kamar injin niƙa. Sai PET, wanda ake yi wa mutum allurar wani irin sukari mai fitar da haske da ido ba ya gani, a jira kamar awa ɗaya, sannan a kwanta wajen minti 20 zuwa 30. Ciwon daji yakan fi lafiyayyen nama zuƙar sukari, saboda haka inda yake sai ya fi haske.

To me ya kawo daɗewar? 'Yan goro sun san amsa. Wanda ya zari ƙwaya biyar a bakin huhu bai san huhun ba, sai ya tona ya duba da yawa sannan ya yi ciniki. Haka na'urar take, tsintar hasken nan take yi ɗaya-ɗaya. Idan ta tsinci kaɗan, hoto ya fito da dishi-dishi, ƙaramin ƙari ya ɓuya a ciki, ko kuma a ga tabo inda babu komai. Kuma lissafin ba na kasuwa ba ne: in ana son dishin ya ragu da rabi, sai an ninka lokacin sau huɗu. Mai jiki ma yakan buƙaci ƙarin lokaci, don nama yana tare hasken.

Amma fa daɗewar ma tana da iyaka. Mutum in ya gaji zai motsa, motsi kuwa yana shafe hoto, kamar yaron da ya juya kai gaban mai hoto ranar Sallah. Ma'aikata ne ke auna tsakani, ba aikinmu ba ne mu ce su gaggauta. A 2018 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun nuna wata na'ura mai tsawon kusan mita 2 da ke iya ɗaukar jiki duka cikin ƙasa da minti ɗaya, amma irinta ba ta yawaita ba. Mu dai haƙuri ne jarinmu.

Jama'a, da wannan hoto likita zai yanke shawara, ko tiyata, ko gashi, ko ƙarin ruwan magani. In hoto ya ɓaci, shawara na iya ɓaci. Saboda haka muna roƙo:

A je da wuri. Allurar PET ƙarfinta yana raguwa da rabi duk minti 110, ba ta jiran cunkoson Oshodi.

In an ce kada a ci abinci, yawanci awa 6, a kiyaye. Ba azumin Ramadan ba ne, ana shan ruwa zalla, amma ban da shayi da lemo. Mai ciwon sukari ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci.

A yi salla, a kewaya kafin a shiga. A ciki a yi zikiri a zuci, kada a ja carbi ko a motsa baki.

Wajen MRI a cire zobe, warwaro, makulli, da laya ko guru mai ƙarfe. Mai ƙarfe a jikinsa, da mai juna biyu, da mai tsoron ƙuntataccen wuri, su faɗa, babu kunya.

Ɗan rakiya ya fassara wa dattijo ko dattijuwa komai kafin a rufe ƙofa, musamman kalmar riƙe numfashi da ta saki.

Wanda ya yi kwana guda a mota daga Sakkwato ko Kano, bai kamata minti 30 ta gagare shi ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ce, ya saka wa masu ɗawainiya da alheri.