Masallacin da masu ziyara ke wucewa a Ƙal'ar Alƙahira

 Yau Masar za mu leƙa, kan tsaunin da ke kallon birnin Alƙahira, inda Salahuddin Al-Ayyubi ya fara gina wata katafariyar ganuwa a 1176. Ita ake kira Ƙal'a. Nan ne fadar masu mulkin Masar ta zauna kusan shekara 700.

Duk ɗalibinmu na Azhar da ya hau wurin, hoton da yake turowa gida ɗaya ne: babban masallacin Muhammad Ali mai dogayen hasumiyoyi. To amma wannan ai yaro ne, a 1830 aka fara shi. Dab da shi akwai wani, bangonsa fayau babu ado, kai ka ce rumbun ajiya ne. Shi nake so mu tsaya a kai.

Sarki An-Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun ne ya gina shi a 1318, ya sake faɗaɗa shi a 1335. Yana cikin sarakunan Mamalik, wato zuriyar bayin da aka saya aka horar da su aikin soja, har suka karɓe mulki. Masallacin fada ne, a nan sarki da manyan sojojinsa suke sallar Juma'a.

In ka shiga, fili ne a buɗe a tsakiya, rumfuna sun kewaye shi. Abin da za ka fara dubawa shi ne ginshiƙan, don ba su yi kama da juna ba. An kwaso su ne daga tsofaffin gine-gine, wasu na zamanin Fir'aunoni, wasu na Rumawa, wasu na Kiristocin Masar. Wani dogo, wani gajere, wani kauri gare shi. Magina ba su tsaya sassaƙa sababbi ba, sai suka riƙa ɗora gajeren kan dutse mai tsayi har kawunan suka daidaita. A ganina, wannan dabarar ta fi duk wani zane da ke wurin burgewa.

Ɗaga kai kuma ka dubi hasumiyoyi biyun. An lulluɓe samansu da tayil mai ƙyalli, kore da shuɗi, salon da aka fi sani a Farisa, ba a Alƙahira ba.

Ga kuma inda labarin ya taɓo Afirka ta Yamma. A 1324 Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira kan hanyarsa ta Hajji, kuma wannan sarkin ne ya karɓe shi a cikin Ƙal'ar. Lokacin masallacin bai wuce shekara shida da ginawa ba.

To me ya sa bangon cikinsa yake tsirara yau? Da can an shafe shi da dutsen marmara mai launi-launi. Da Sarki Salim na Daular Usmaniyya ya ci Masar a 1517, sai ya sa aka ɓamɓare shi aka kai Istanbul. Ka ga masallacin da aka gina da duwatsun wasu, shi ma an kwashe nasa. Ƙubbar da ke saman mihrabin ma ba ta asali ba ce, ta farko ta rushe, daga baya aka sake ginawa.

Wanda ke Alƙahira cikinku, in ka hau Ƙal'a, ka ɗauko mana hoton gindin ginshiƙan nan ka turo. Sai mun haɗu a shiri na gaba.