Izinin Buɗe Fayil: Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofis na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

 

Maganarmu ta yau ita ce maganar izini, watau wa ke da ikon buɗe takardar ofis. A zamanin En'e wannan ba abin tambaya ba ne, gama littafin haraji da na jangali suna cikin akwatin ƙarfe, mabuɗi kuwa yana aljihun magatakarda. Yanzu takardu suna komawa cikin kwamfuta. Inda ofis ya yi girma akan ajiye babba guda, wadda ake kira saba, sauran ƙanana su riƙa ɗibar fayil daga gare ta.

To, in Windows Server ce a cikinta, ta kamfanin Microsoft na Amurka, takan zo da izininta na asali tun kowa bai taɓa ta ba. Rukuni rukuni aka raba shi. Rukunin Administrators, watau shugabanni, su ke da cikakken iko: su karanta, su sake, su goge, har su ba wani izini. Rukunin Users, watau duk wanda aka yi wa suna da kalmar sirri, an bar masa karanta abin da ke gindin faifan C, babban rumbun na'urar. A da sakacin ya fi haka, gama Windows 2000 ta bar wa kowa da kowa cikakken iko a wurin nan. Sai a Windows Server 2003 aka tsuke.

Abin da nake so ku riƙe shi ne maganar gado. Kowace jaka da aka buɗe cikin wata jaka takan gaji izinin uwarta, fayil kuma ya gaji na jakar da yake ciki. Saboda haka in malami ya buɗe jaka a gindin faifan, ya rubuta mata "Asiri" da manyan baƙaƙe, bai kulle kome ba. Masinja ma, in yana da suna a na'urar ya zauna gabanta, zai karanta. Masu ƙera ta sun tsara ta ne don aiki ya gudana, ba su kuwa san abin da za ku zuba a ciki ba.

Ku kun sani. Ƙasashen nan uku suna bakin daji, ba kuwa wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashi yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wasiƙar dagaci mai ɗauke da sunan wanda ya kawo labarin 'yan bindiga, in ta faɗa hannun mai kai musu rahoto, ran mutum ne ya tafi. Irin wannan jaka lalle a yanke mata gado, a cire rukunin Users, a sa sunayen mutum biyu ko uku da hakimi ya zaɓa da bakinsa. Ku sani kuma izini ba ya bin fayil zuwa waje. Da zarar an kwafe shi cikin filashi irin wanda ake saye a kasuwa, kulle ya faɗi, sai wanda ya tsinta.

Akwai kuma abin da ake kira rajista. Ba ta haihuwa ba ce ko ta fili; littafi ne da na'urar ke rubuta dokokin kanta. Bisa asali shugabanni ne ke da ikon sake dokokin da suka shafi na'urar duka, sauran sai karatu. Wannan tsari daidai ne, a bar shi yadda yake. Inda ake ɓata shi shi ne a sa dukan malamai cikin rukunin shugabanni don gudun wahala. Masu ƙerawa su ma sukan yi kuskure: a watan Yuli 2021 aka gano Windows 10 ta bar fayil mai ɗauke da sirrin kalmomin shiga a buɗe ga kowane mai suna, sai da Microsoft ta fitar da gyara. Don haka kada a ƙi gyaran da take aikowa.

Tun watan Yuni 2023 akwai dokar Tarayya ta kare bayanan mutane, wadda ta ɗora alhakin tsaron bayani a wuyan mai ajiyarsa. Saboda haka hakimi ya sa mai kula da na'ura ya kawo masa takarda, jaka jaka, da sunan kowane mai izini, ya duba ya sa hannu. Ranar da aka ɗauke malami zuwa wata gunduma, a ranar za a rufe sunansa, kafin ya hau mota.