Idan Allo Ya Riga Malam

Duk mai bin tafsirin azumi ko lacca kai tsaye a Facebook ko YouTube ya san wannan matsala: malam yana kan aya ta biyar, allo ya tsallaka ta shida.

Abin da muke kira kai tsaye yakan iso waya a makare, sau da yawa da daƙiƙa 10 zuwa 30. In shafukan rubutu suka bi wata hanya dabam, za su iya riga malam isowa. Shi ya sa ake haɗa hoto da murya da shafi cikin manhaja ɗaya, irin OBS Studio wadda kyauta ce, kafin a tura su intanet. Ita ma murya takan riga hoton kyamara shiga kwamfuta. Sai a sa wani ya tafa gaban kyamara, a yi ta jinkirta sautin har ƙarar ta zo daidai da haɗuwar tafukan.

Amma a ganina, wajen mai juya shafi aka fi sakaci. Sai a damƙa wa yaro aikin don kawai ya iya kwamfuta, alhali bai san inda aya ta ƙare ba, idonsa kuma na kan wayarsa maimakon bakin malam.