Kuɗin Ƙungiya da Hannun Jarin Yuraniyom

Shugaban taro, malamanmu da suka yi mana tarbiyya, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

An ɗora mini nauyin in yi bayani kan shawarar da wasunmu suka kawo, cewa a zuba kuɗin asusun ƙungiya a hannun jarin kamfanonin haƙar yuraniyom da toriyom. To, ni ba masani ba ne, amma na taɓa ƙonewa. A 2008 na sayar da gonar gado a nan Kanya Babba na sayi hannun jarin wani banki, kuma ko kuɗin buhun gero biyar ban tsira da shi ba.

Masu shawarar suna da hujja. A taron sauyin yanayi na Dubai a Disambar 2023, ƙasashe fiye da 20 sun yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050. A Janairun 2024 farashin laba ɗaya ta yuraniyom ya haye dala 100. Sai dai a 2007 ma ya kai wajen dala 136, bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011 ya yi ta gangarowa, har a ƙarshen 2016 ya koma wajen dala 18.

Ba sai mun je nesa ba. Daga Babura zuwa iyakar Nijar taki kaɗan ne, kuma da yawanmu muna da ɗan'uwan da ya yi ci-rani a Arlit. Kamfanin SOMAIR yana haƙa a can tun 1971. Maƙwabcinsa COMINAK ya fara a 1978, ya rufe a Maris 2021 da arzikin ramin ya ƙare, aka sallami ma'aikata. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin Imouraren daga Orano na Faransa a Yunin 2024, wata guda bayan haka ta karɓe na Madaouela daga GoviEx na Kanada, sannan a Yunin 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ba ina cewa Nijar ba ta da haƙƙi a kan arzikinta ba ne. Amma wanda ya sayi hannun jarin GoviEx saboda Madaouela, ma'adinin yana nan a ƙasa, shi kuwa darajar takardarsa ta zube.

Toriyom kuwa, akwai shi cikin yashin da masu haƙar kuza suka bari a Jos, kuma Indiya da Sin suna gwajinsa. Gwaji ne dai, kasuwarsa ba ta kafu ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar saye. Manyan kamfanonin, irin su Cameco na Kanada da Kazatomprom na Kazakistan, ba sa cikin kasuwar hannun jari ta Legas. Dole sai an canja naira zuwa dala, an bi ta hannun dillali. Duk wanda ya turo mana saƙo a waya yana alkawarin riba tabbatacciya duk wata, mu fara tambayarsa rajistarsa da hukumar SEC.

Shawarata ita ce, kuɗin da muka tara don rufin azuzuwa da kuɗin jarrabawar marayu kada a taɓa su. Wanda yake da rarar da zai iya mantawa da ita shekara goma, ya saya da sunansa. Idan kuma taro ya nace, a kafa kwamitin mutum uku, cikinsu har da malaminmu na lissafi, su kawo rahoto a zama na gaba kafin ma'aji ya sa hannu.